Na je Labanan buga ƙwallo, na dawo da gwiwa ɗaya da usur

Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan mun tashi daga tirenin wani yaro cikin yaran da nake koyarwa ya tare ni yace wai koci me yasa duk lokacin da muka yi sanyi sai ka riƙa cewa yalla yalla (wato mu je mu je da Larabci), kai Balarabe ne? Yara suka kwashe da dariya nima na yi, amma da na koma gida abun ya tsaya min a rai, don na lura yaran nan shekara da shekaru muna tare babu wanda ya san daga inda na samo ko da abu ɗaya daga cikin abubuwan da nake koya musu. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta, wanda zai karanta ya karanta, in ya yi tsawo a yi haƙuri.

Ni haifaffen Fagge ne, 1990. Babanmu Allah ya jiƙansa ya fi shekara ashirin yana aiki a shagon wani Kwara a Kantin Kwari, atamfa da shadda da leshi, shi ke riƙe da makullin sito. Ga wanda ba ɗan Kano ba, Kwara muke ce wa mutanen Labanan, manya ma sun ce daga nan kasuwar ta samo sunanta. Maigidan Baba mutumin kudancin Labanan ne, wani ƙauye kusa da garin Sur da ke bakin teku, kuma yana da ɗa sa'ana wanda a Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi wallahi, in yana zagi a waya ba za ka taɓa cewa fari bane. Gurasa da tsire ya fi so akan abincin gidansu. To shi wannan abokin nawa shi ya fara cusa min sunan Roda Antar a kunne tun muna 'yan shekara goma sha uku, lokacin kowa a unguwa Kanu yake ko Okocha ko Henry, shi kuma kullum Antar Antar, har muna tsokanarsa muna ce masa wane ne kuma Antar, mai maganin gargajiya ne?

Dalilinsa daga baya na gane. Shi Antar a Freetown ta Saliyo aka haife shi a 1980, wato ɗan Kwaran Afirka ne kamar abokina, daga baya ya koma Labanan ya taso a kulob ɗin Tadamon na garin Sur, shi da yayansa Faisal. Yana cikin 'yan wasan ƙasa lokacin da Labanan ta karɓi baƙuncin kofin nahiyar Asiya a 2000, sai a 2001 Hamburg ta Jamus ta ɗauke shi aro, daga nan ya wuce Freiburg a 2003 wajen Volker Finke. Ka ga yaron da aka haifa a Afirka, ɗan yankinsu, yana buga Bundesliga, ai dole abokina ya ɗauke shi kamar yayansa uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da hotonsa da ya yanko daga wata jaridar Larabci ya manna a jikin wardirof.

Ranar da nima na kamu ba zan manta ba, watan Mayun 2008 ne. Lokacin Antar ya koma Köln, suna rukunin 'yan dagaji suna neman haurowa, saura wasa biyu a gama kaka, za su kara da Mainz wadda kocinta a lokacin Jürgen Klopp ne, eh shi dai Klopp ɗin da kuka sani na Liverpool, lokacin ba kowa ya san shi ba a nan. Abokina ya ja ni gidansu a Bompai, suna da wani ƙaton dishi a bayan gida kamar faifan shanya. Ana dab da farawa aka ɗauke wuta, tsohon da kansa ya fita da singileti yana yi wa maigadi ihu a tada janareto. Biyu da nema Köln ta ci, duka biyun Antar ne ya zura, suka hau Bundesliga a ranar. Mutumin nan da na sani da ɗaure fuska, wanda Baba ke rusunawa in zai gaishe shi, sai gashi yana tsalle akan kujera da carbi a hannu, ya rungume ni ya sumbace ni a goshi, ya ce wa matarsa a zubo wa yaron nan abinci. A Köln ɗin akwai wani ɗan Labanan ɗin ma, Youssef Mohamad da suke kira Dodo, ɗan baya, tun Freiburg suke tare. Daga ranar na koma lamba takwas a kulob ɗin unguwa nace ni ma tsakiya zan riƙa bugawa.

Kuma ba yabon kai ba, na iya ƙwallo. Ina da ƙarfi, ina da huhu, ina da shot. Lokacin Pillars ta ɗauki kofi a 2008, Ahmed Musa ya zo ya yi abunsa ya wuce Holan a 2010, duk wani yaro mai buga ƙwallo a Kano ya ɗauka saura shi. Na je gwaji wurare, wani wajen ace ka dawo, wani wajen ace kawo wani abu. Sai bayan harin 20 ga Janairun 2012 kasuwa ta mutu, Kwarori da yawa suka fara kwashe iyali, abokina ma aka tura shi gida Labanan. Shi ne ya kira ni wata rana yace akwai wani ejan da ya haɗu da shi wanda ke kawo 'yan Afirka kulob-kulob na can, ya nuna masa bidiyona. Da zuciya ɗaya ya yi, har gobe ban taɓa zarginsa ba. Umma ta sayar da filinta na gado da ke hanyar Dawanau, Baba ya karɓi adashinsa, aka biya ejan aka yi biza. Bayan ƙaramar Sallah ta 2012 na hau jirgin MEA, kamfanin jiragen Labanan, daga filin Malam Aminu Kano, but ɗina guda biyu a jaka da yajin Umma da kilishi, ko waiwaye ban yi ba don kar in ga fuskarta.

Abu na farko da ya bani mamaki a Labanan, ana ɗauke wuta. Wallahi na ɗauka na baro wannan a gida, ashe su ma kowace unguwa da mai janaretonta ana biyansa duk wata. Na biyu ƙasar ƙarama ce ƙwarai, daga Bairut zuwa Sur kilomita tamanin ne da 'yan kai, ka bi ta Saida teku na hannun damanka har ka isa, gonakin ayaba da lemo ta ko'ina. Na uku kuma, wanda ya fi min ciwo, babu kwantiragi. Ejan ya kai ni wani ƙaramin kulob a kudu, ba zan faɗi suna ba, aka ce in riƙa tirenin da su tukunna, gurbin baƙi ƙalilan ne kuma an riga an cike, in wani ya tafi sai a yi min rajista. Wani jami'in kulob ɗin ya karɓi fasfo ɗina wai zai yi min takardun zama. Ejan kuma tun daga ranar da ya ajiye ni wayarsa ta daina shiga. Aka bani katifa a wani ɗaki bayan shagon gyaran mota, mu huɗu, biyu 'yan Siriya da yaƙi ya koro, ɗaya ɗan Senegal mai tsaron baya wanda shi ma jiran gurbi yake wata na bakwai.

A nan na haɗu da mutumin da ya sa nake wannan rubutun. A can ba a ce wa mai horarwa koci, kaptin ake ce masa, to ni ma Kaptin nake ce masa har yau. Lokacin zai yi shekara arba'in da biyar, gajere, kai ya fara sanƙo, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Tsohon ɗan wasa ne, lamba shida, ya taso yana buga ƙwallo a tsakiyar yaƙin basasarsu da aka yi daga 1975 zuwa 1990, yace akwai lokacin da in za su je wasa wani gari sai an tsaya a shingen 'yan bindiga an duba katin kowa an ga addininsa. Bai taɓa fita waje ba, bai yi kuɗi ba, da safe tasi yake ja irin wadda suke kira sarbis, wata tsohuwar Marsandi, ƙarfe uku ya ajiye ta a bakin fili ya buɗe but ya fito da ƙwallaye da kwano-kwanon roba. Yawancin 'yan wasan ma haka ne, wannan makanike, wannan yana aiki a banki, wancan ɗan sanda. Ni da na zo da tunanin Bundesliga sai na raina wajen, kuma gaskiya na raina shi Kaptin ɗin. A raina nace wannan ai wanda ƙwallo ta ƙi ne, shi yasa ya koma busa usur.

Ran tirenin na uku ya tsayar da wasa saboda ni. Ya zo ya tsaya a bayana, Turancinsa kaɗan nawa ma kaɗan, Larabcina na Islamiyya kuma ba ya aiki a can don in nayi magana dariya suke wai ina magana kamar mai huɗuba. Yace wa wani ya bugo min ƙwallo, shi kuma ya ɗaga yatsu a bayana, ina tarewa yace yatsu nawa na ɗaga? Nace ban gani ba. Yace a sake. Aka sake, ban gani ba. Sai ya kama kaina da hannu biyu kamar mai aski ya juya shi hagu ya juya dama, yace ya Kano, don haka yake kirana, ƙwallo ba za ta gudu ba tana zuwa, abun da ke bayanka shi ne ba ka sani ba. Sati biyu cur bai bar ni na buga komai ba sai wannan, a bugo, in waiga, in faɗi yatsu, in tare. In na faɗa daidai amma tarewar ta ɓaci a sake, in na tare da kyau ban ga yatsu ba a sake. Na tsani mutumin nan a lokacin kamar me. Ni da ake kira da suna a filayen Kano an mayar da ni ɗan firamare a gaban yara.

Ana cikin haka wasan Iran ya zo, 11 ga Satumbar 2012, zagayen ƙarshe na neman gurbin kofin duniya na Brazil. Labanan ba ta taɓa kaiwa wannan matakin ba sai lokacin, ƙarƙashin Bajamushen nan Theo Bücker, kuma a Nuwambar 2011 sun doke Koriya ta Kudu biyu da ɗaya a Bairut, abun da har lokacin da na je ana labarinsa a shagon aski. Ku gane, shekaru kafin nan an hana 'yan kallo shiga wasannin lig ɗinsu gaba ɗaya saboda rikicin siyasa da ɗariƙa, don a can kusan kowane kulob da ɓangarensa, Ansar ta 'yan Sunni ce, Ahed ta 'yan Shi'a, Safa ta Duruz, Racing da Sagesse na Kiristoci, har Armeniyawa da nasu. Wasan ƙasa ne kaɗai ke haɗa su a inuwa ɗaya. Kaptin ya cika Marsandinsa da mu, abokina ya same mu a ƙofar filin Camille Chamoun, rana tana dukan mu muka shiga.

Nan na ga Antar ido da ido karo na farko, shi ne kyaftin, lokacin yana Shandong Luneng ta ƙasar Sin inda ya ɗauki kofin lig a 2010. Dogo ne fiye da yadda talabijin ke nuna shi. Ni ina ta ihu, Kaptin kuwa ya dafa kafaɗata yace kar ka kalli ƙwallo, kalli wuyansa. Wallahi tallahi na zauna ina kallon wuyan mutum kamar mahaukaci, kuma sai na gani, kafin ƙwallo ta iso shi ya waiga sau biyu wani lokacin sau uku, kafin ta taɓa ƙafarsa ya riga ya san inda za ta. Shekara tara ina kallonsa a talabijin ban taɓa ganin wannan ba saboda kyamara ƙwallo take bi. Kafin a cika rabin awa aka samu firikik, aka ɗago, ya tashi ya sa mata kai, raga. Filin nan kamar zai tsage. Sauran wasan Iran ta Carlos Queiroz ta yi ta ruwan hari, golansu Abbas Hassan ya yi ta kaɗewa kamar aljani, aka tashi ɗaya da nema. A hanyar komawa tun daga Bairut har Saida hon ake, Kaptin na tuƙi yana waƙa da wata murya mara daɗi, ya juyo yace min yatsu nawa? Muka yi ta dariya.

Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan nan gwiwata ta tafi. Wasan sada zumunci ne a wani fili mai ciyawar roba wadda ta tsufa ta zama kamar siminti, na juya zan bi mutum, but ya kafe, jiki ya tafi ƙafa ta tsaya, na ji ƙas kamar an karya rake. Babu wanda ya taɓa ni. Hoton asibiti ya nuna jijiyar cikin gwiwa ta tsinke, sai aiki, kuɗin aikin kuma dala dubbai, lokacin dala ɗaya lira 1,500 ce a kuɗin Labanan. Kulob suka ce ai ni ba ɗan wasansu bane tunda babu rajista, kuma a takarda gaskiyarsu ne. Jami'in da ke riƙe da fasfo ɗina yace sai na biya kuɗin ɗaki da abincin da na ci kafin ya bani. Bizata ta ƙare. Na kwanta akan katifar nan gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya, ina tuna filin Umma, ina jin 'yan Siriyan nan suna waya da gida suna kuka, nace to ni wa zan yi wa kuka, su gidansu aka rushe. In Umma ta kira sai ince komai lafiya an kusa sa hannu.

Kwana na biyar Kaptin ya zo da daddare, bai ce komai ba ya tattara kayana a jaka ya cicciɓe ni shi da ɗan Senegal suka sa a mota. Gidansa ya kai ni, hawa na uku babu lifta, ɗaki biyu da falo, ya fitar da ɗansa daga gado ya koma kujera. Wata huɗu na yi a gidan nan. Matarsa, Khalti nake ce mata wato kamar ince Inna, kullum da safe man'ushe mai zaatar, wata gurasarsu mai kayan ƙamshi, da shayi, ranar da na bata yajin Umma ta ɗanɗana ta yi ta tari tana salati tana cewa wannan ai makami ne. Su 'yan Shi'a ne ni ɗan Sunni, ya nuna min alƙibla ya bani darduma shikenan, ko sau ɗaya maganar ba ta taso ba. Ba zan ce kowa a ƙasar haka yake ba, an kira ni da sunan bawa a titi ba sau ɗaya ba, akwai mai shagon da in na miƙa kuɗi sai ya nuna min kanta in ajiye, kuma na ga yadda ake yi da 'yan aikin gida 'yan Habasha a ƙarƙashin tsarin kafala, wanda ke ɗaure ɗan aiki baƙo a hannun ubangidansa, abun ba daɗin faɗa. Amma gidan da na zauna kenan.

Fasfo kuwa da rigima ya karɓo shi. Ban san me ya faɗa musu ba, na dai san ya dawo rai a ɓace ya jefa min shi akan cinya, kuma bayan sati biyu kulob ɗin suka sallame shi wai sakamako ba kyau. Aikin gwiwa maigidan Baba ne ya biya rabi daga Kano da abokina ya gaya masa, sauran Kaptin ya bi tsofaffin abokan wasansa ɗaya bayan ɗaya da wani likita da suka taɓa buga ƙwallo tare. Likitan ya gaya min gaskiya, za ka yi tafiya za ka yi gudu kaɗan, amma ƙwallon neman abinci ka manta.

A watan Fabrairun 2013 kuma sai ga badaƙalar sayar da wasa ta fashe, aka hukunta 'yan wasa 24, biyu aka kore su har abada, har da wasannin ƙasa a ciki. Ranar na ga Kaptin ya kashe talabijin ya fita baranda ya daɗe yana shan sigari. Labanan ta ƙare a ƙarshen rukuni da maki biyar, nasarar Iran ɗin nan ita kaɗai ce suka samu a zagayen.

Da ya rasa kulob sai ya koma koyar da yara 'yan ƙasa da sha huɗu a wani fili kusa da sansanin Falasɗinawa, yace in riƙa binsa ina riƙe masa ƙwallaye maimakon zaman ɗaki. Da sanda nake zuwa. Nan na ga aikin da idona, yana da wani littafi irin na 'yan makaranta, kowane yaro da shafinsa, wane ba ya amfani da hagu, wane babansa ba shi da aiki kar a tambaye shi kuɗin jesi, wane in an yi masa tsawa a gaban mutane ya lalace sai a ja shi gefe. Wata rana ya makara wajen tasi, yara sun taru, sai na tsaya a bayan wani yaro na ɗaga yatsu. Da ya iso ya tsaya daga nesa yana kallo bai ce uffan ba, da aka tashi ya ciro usur ɗin wuyansa ya rataya min, wani baƙi duk haƙori ya cinye bakinsa. Shi ne wanda yaran nan ke gani a wuyana suna cewa koci ka sayi sabo mana.

Wani abun dariya a lokacin, wata rana a kasuwar Sur ina ciniki na ƙufula nace kai wannan tsada da me ta yi kama, sai naji daga bayana ance ɗan uwa daga ina? Na juya, soja ne baƙi da hular Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin dakarun Ghana da ke aikin kiyaye zaman lafiya a kudu, ɗan zangon Kumasi. Shekara guda ban ji Hausa baki da baki ba in ba daga abokina ba, na riƙe hannun mutumin nan na ƙi saki.

Farkon 2014 na dawo bayan an biya tarar zama ba takarda. Kunya ta hana ni fita kusan wata biyu, unguwa kowa ya san na tafi turai buga ƙwallo, don a wajensu duk inda jirgi ya kai ka turai ne. Umma ba ta taɓa tada maganar fili ba har yau, wannan shirun nata ya fi min zafi akan ta yi faɗa. Na koma Kwari wajen Baba, da yamma kuma na fara tara yaran layinmu su bakwai da ƙwallo ɗaya. Mutane na wucewa suna cewa Allah sarki, ƙwallo ta ƙi shi ya koma koci, daidai abun da na faɗa akan Kaptin a raina, ba ƙari ba ragi.

Shi yasa da Antar ya gama da Sin, bayan Shandong ya yi Jiangsu ya yi Hangzhou, ya koma Tadamon inda ya fara ya rataye but, sannan a 2017 aka ce ya zama kocin Racing ta Bairut, na bi abun kamar ni aka ba aikin. Abokina yana turo min bidiyo a WhatsApp, ga mutumin da ya buga a gaban dubban Jamusawa yana tsaye bakin layi a ƙaramin fili yana yi wa ɗan baya ihu ya matso. A 2019 Racing ta faɗa 'yan dagaji. Abokina ya kira ni ransa a ɓace yana cewa ya zubar da girmansa, da ya zauna a gida ya ci kuɗinsa ko ya riƙa sharhi a talabijin. Muka yi musu sosai ranar har ya kashe min waya. Ni abun da na gani daban ne, na san abun da ke cin mutum in yana ganin fas ɗin da ya kamata a bayar ƙuru-ƙuru amma ƙafar da za ta bayar ba tasa bace, kuma ina ganin wanda Allah ya ba baiwa mai yawa abun ya fi masa wuya, don shi bai san yadda ake rashin iyawa ba, abun da yake yi ba tare da tunani ba yanzu sai ya warware shi dalla-dalla wa yaron da ya taso daga wajen aiki a gajiye. A shekarar dai Bassem Marmar, wanda shi ma tsohon kyaftin ɗin Ahed ne ya zama kocinsu kuma bai yi sunan Antar a waje ba, ya ɗauki kofin AFC, wata gasar kulob-kulob ta nahiyar Asiya, a Kuala Lumpur, suka ci kulob ɗin Koriya ta Arewa ɗaya da nema, ɗan Ghana Issah Yakubu ya ci ƙwallon, karo na farko da wani kulob na Labanan ya ɗauki kofin. A 2020 aka ba Antar Ahed ɗin, bai cika shekara ba ya bar wajen. Kuma duk wannan a lokacin da ƙasar ke rugujewa ne, zanga-zangar Oktoban 2019, an soke kakar wasa, lira ta zama takarda, bankuna sun riƙe kuɗin mutane, ga fashewar tashar jirgin ruwa ta Bairut ran 4 ga Agustan 2020. 'Yan kuɗin da Kaptin ya tara na shekaru a banki haka suka narke, ni da ya ciyar wata huɗu sai gashi ina tura masa ɗan abun da ya samu ta hannun abokina, yana karɓa yana zagina.

Yanzu yarana sun haura arba'in, rukuni uku, ina da littafina nima kowane yaro da shafinsa. Biyu sun shiga ƙananan kulob na jiha. Duk wanda ya zo min da maganar ejan sai na ce a kawo takarda in gani, a kawo sunan kulob mu kira su, kuma fasfo ba ya barin hannunka ko wa ya tambaya, akwai uban da ya daina gaishe ni saboda na hana ɗansa tafiya.

Lokacin yaƙin 2024 da Isra'ila ta riƙa ruwan bama-bamai a Sur aka ce mutane su fice, kwana goma sha ɗaya ina kiran Kaptin ba ya shiga, na kasa cin abinci, matata tana ta tambaya wai wane ne wannan mutumin haka. Ran na sha biyu da asuba sai ga saƙon murya. Suna wata makaranta a Saida shi da Khalti da jikoki, aji ɗaya iyali uku, Marsandi ce ta fito da su, bai san ko gidan yana nan ba. Muryarsa ta tsufa sosai. Yace ya samu yara a harabar makarantar sun fi ashirin ba abun da suke sai kuka da faɗa, ya samo ƙwallo ɗaya. Sai a ƙarshe yace ya Kano, bidiyon da ka turo kwanaki na gani, lamba shidanka ɗin nan mai jan but yana da kyau amma ba ya waiwaye, ka tsaya a bayansa.